Amsa ga mai dikodar da ta ƙi tashi, kan W25Q64

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena, na ji muryarka, wai ka canza ɗan abu guda cikin filash ɗin dikoda, wato aisi (IC) ɗin da ke aje manhajarta, ka maida aisi, dikoda ta ƙi tashi, kana zargin CH341A ɗinka, na'urar da ake karanta aisi da rubuta shi da ita. Wallahi ba ita ba ce, ka bar ta ta huta. Sekta ka goge gaba ɗaya, ba ka maida abin da ke cikinta ba.

Ka ji yadda abin ga yake. Aisin naka, W25Q64 na kamfanin Winbond, wannan 64 ɗin megabit ne, wato megabayit 8, adireshi (a lissafin hex, mai ƙirge sha shidda) daga 000000 har 7FFFFF. Ciki an yanka shi sekta sekta, kowace bayit 4096, guda 2048 ne duka. Sekta 16 su ne bulok guda na 64K. Rubutu kuma feji feji ake yin shi, bayit 256. To rubutu ba ya iya maida sifili ya koma ɗaya, gogewa kaɗai ke wannan aikin, tana maida komi FF, wato duka ɗaya, kuma mafi ƙanƙanta da za ka goge sekta ce cikakkiya. Kamar allo ne, sai an wanke shi duka sannan a sake rubutu.

Adireshin da ka hwaɗa, 01F080 ko? To cire lambobi ukku na ƙarshe, 080, wannan wurinka ne cikin sekta. Abin da ya saura 01F, sekta ta 31 kenan, a'a tsaya, in daga sifili kake ƙirge 31, in daga ɗaya ta 32 ce, ita ce ta ƙarshe cikin bulok 01. Ta fara daga 01F000 ta ƙare 01FFFF. Duk wannan ya tahi, kai bayit kaɗan ka maida. Kuma in umarnin D8 mai goge bulok anka aika ba 20 mai goge sekta ba, to bulok ɗin ne gaba ɗaya ya tahi.

Abin da ke ban haushi, mutane ba su karanta aisi su aje kwafi kafin su taɓa shi. Akwai wani nan kasuwa, ba zan kira suna ba, ya kawo mini telabijin ɗin kwastoma, ya sauke fayil mai megabayit 4 daga intanet ya zuba cikin aisi mai 8, wai ai duka 25Q ne. Rabin sama duk FF! Na ce ina na asali, ya ce ya goge. Mai telabijin ya zo shagona shina ta faɗa da ni, ni da ban taɓa ba, har maƙwabta sunka taru. Shi kuwa ya kashe waya. Har yau in mun gamu sai ya sunkuyar da kai, kuɗin aikin ma bai... to a bar wannan.

Af, ka kula da tsoffin aisin nan irin M25P64, su abin da suke kira sekta 64K ce, babu gogewar 4K a cikinsu sam.

Yanzu ka karanta aisin sau biyu, ka tabbatar lambar shaidarsa ta fito EF 40 17, ka turo mini fayil ɗin da lambar da ke jikin bod ɗin. In wani cikin gurup na da irin dikodar, mu ciro 01F000 zuwa 01FFFF daga tashi mu maida maka.