Karen gadi da ɓawon da ya ƙi jin magani

Wani mai kiwo daga wajen Giwa ya rubuto cewa karen da ke masa gadin garke ya yi wata 4 da ɓawo a doron hanci da kunnuwa, tafin ƙafarsa ya tsattsage har yana ɗingishi. Ya yi masa allurar ivermectin, maganin kashe ƙwarin kirci, sau 3, ya shafe shi da baƙin mai, shiru.

Malam, baƙin man nan ka bar shi tun yau. Na gaji da maimaita wannan magana. Kare lashe jikinsa yake yi, duk abin da ka shafa cikinsa zai tafi. Masu yi wa kare wanka da fiya-fiya ma su ji: guba ce, tana kisa.

Ba kowane ɓawo ba ne kirci. Akwai ciwon da likitoci ke kira pemphigus, inda garkuwar jikin karen ke juyowa ta yaƙi fatarsa, ta raba ƙwayoyin fatar da juna. Sai ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito, su fashe da wuri, su bar ɓawo rawaya-rawaya. Yakan kama fuska dama da hagu kusan daidai, da kunnuwa, da tafin ƙafa, kamar yadda ka kwatanta. Amma daga wasiƙa ba a yanke hukunci. Ka kai shi asibitin koyarwa na dabbobi da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tunda kusa kake. Za su kankaro fatar su duba a madubin likita ko akwai ƙwarin kirci, in babu su yanki fatar kaɗan a gwada.

In pemphigus ɗin ne, maganin farko prednisolone, a fara da yawa a riƙa ragewa sannu a hankali tsawon watanni. Wani karen har mutuwarsa yana sha. Kada ka ji sunan ka ruga kemis. Danne garkuwar jiki yake yi, in kirci ne ko makero sai abin ya ƙara bazuwa. In an fara kuma, ba a tsayarwa rana ɗaya. Za ka ga yana yawan shan ruwa da fitsari, ka cika masa kwano, ka ɗaure shi a inuwa, don rana na tsananta ciwon.

Wata baiwar Allah na tsoron kada yaranta da awakinta su ɗauki irin wannan ciwon daga kare. Hajiya, in pemphigus ne, ba ya yaɗuwa.

Wani mafarauci kuwa ya ce karyarsa ta yi laushi, dasashinta ya yi fari fat, fitsarinta kamar baƙin shayi. Jininta ke fashewa. Ko cutar da kaska ke sakawa ce, ko garkuwar jikinta ke cinye jajayen ƙwayoyin jinin, wani lokacin kaskar ce ke tayar da hakan. Kada ka ba ta farasitamol. Ka kai ta a ɗebi jini yau, kada ta kwana.