Tambayoyinku: Sigarin lantarkina na ƙauri in na ƙara masa wuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni dai na jima ina shan taba, yanzu ina son in bari shine wani abokina da ya dawo daga Dubai ya kawo min sigarin lantarki irin mai ɗan allo da maɓallin ƙari da ragi. Matsalar in na barshi a 3.5 hayaƙin baya isata, in na kaishi 4.8 kuma sai ya dinga ƙauri har maƙogwarona yayi zafi. Kuma batirin ya fara saurin mutuwa, wani mai gyaran waya yace zai ciro min ɗaya daga tsohon batirin laftof ya samin. In yarda? Daga mai karatunku a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya baka ikon bari. Batirin laftof dai kar ka soma, amma bari mu fara da ƙaurin.

Lambar da kake gani a allon bolt ce, wato ƙarfin da batir ke tura wuta da shi zuwa kwayil, ƴar wayar nan da aka naɗe da auduga a cikin tankin. Ita wayar ce take yin zafi ta mayar da ruwan tururi. Abin da mutane basa lura da shi shine zafin baya hawa daidai da lambar, ninkawa yake. Lissafin: bolt sau bolt, a raba da om ɗin kwayil (ma'aunin yadda wayar ke turje wa wuta), sai ya baka wat, wato yawan wutar da kwayil ke ci. Mu ce naka om 1.8 ne, irin wanda aka saba sawa a ƙananan nan. A 3.5 kana ba shi wat 6.8, a 4.8 kuma wat 12.8, kaga kai a ganinka ɗan ƙari kayi alhali ka kusa ninka wutar biyu, audugar bata samun damar tsotso ruwa kafin ya ƙone sai ta bushe ita ma ta fara babbakewa, toh wannan hayaƙin audugar ne kake zuƙa.

Kuma ba ɗanɗano kawai ya lalace ba. A 2015 wasu masu bincike a jami'ar jihar Portland ta Amurka sun gwada irin wannan na'ura, a bolt 3.3 basu ga sinadarin formaldehyde ba, a 5.0 kuwa sai gashi da yawa, shi kuma yana cikin abubuwan da ke jawo kansa. Masu kare sigarin lantarki sun ce ai babu mai iya jure sha a wannan zafin saboda ƙauri. Toh gaka nan kana jurewa.

Audugar da ta riga ta ƙone bata gyaruwa, ko ka rage wuta ƙaurin na nan, sai dai ka canja kwayil. Sabon in ka saya duba jikinsa, akwai rubutu ƙanana, om ɗinsa da iyakar wat ɗin da yake ɗauka. Ɗiga ruwan a kan audugar, cika tanki ka barshi kamar minti goma, sannan ka fara daga ƙasa kana hawa kaɗan-kaɗan. In na'urarka tana da tsarin wat ka koma can, yafi sauƙi, ita zata yi lissafin bolt ɗin da kanta. Ruwa mai kauri sosai ma yana jawo haka don baya shiga ƙananan ramukan da sauri.

Da kace hayaƙi baya isarka, ni inaga nikotin jikinka ke nema ba gajimare ba. Manyan na'urorin nan masu kwayil ƙasa da om ɗaya da samari ke cika ɗaki da su, ruwa kawai suke sha da batir, kuma duk abin huhunka yake shiga. Gaskiya tunda niyyarka bari ce da zaka ga likita ko mai kemis ka tambayi cingam ko filastar nikotin da yafi, don shi ma sigarin lantarkin kama mutum yake, Indiya ma tun 2019 ta haramta shi gaba ɗaya.

Batir kuma, 18650 ake ce masa, faɗi milimita 18 tsawo 65, in ya cika yana kai bolt 4.2. Na laftof girmansu ɗaya shi yasa mai gyaran ya ga kamar zai yi, amma an yi su ne don su bada wuta kaɗan na tsawon lokaci, ga tsufa, ga shi da filaya ake fizge ƙarfen da aka liƙe su da shi, ledar jikin ta yage. Duk jikin batirin nan negatif ne, ledar kaɗai ta raba shi da ƙarfen na'urar, in ta yage ya taɓa shikenan ya haɗe. Ka nemi na kamfanin kirki kamar Samsung 25R mai jure amp 20 (ma'aunin wutar da ake ja daga batir) ko Molicel, kuma duk wanda ka ga an rubuta yana ɗaukar caji 9900mAh ƙarya ce, na gaske ko rabin haka basa kaiwa. Irin sigarin nan mai bututun ƙarfe zalla wanda ba shi da allo ko kariya kar ma ka kalle shi, irinsa ne ya fashe ya kashe wani mutum a Florida a watan Mayun 2018. Kada ka jefa batir aljihu ɗaya da makullai, kada ka barshi a gaban mota cikin zafin Afrilu.

TAMBAYA: Malam irin na sha-ka-yar ɗin nan mai ramin caji, zan iya sa masa cajar wayata mai saurin caji? Daga Maraɗi.

AMSA: Nemi ƙaramar caja ta amp ɗaya, batirin cikinsa ɗan mitsitsi ne kuma kariyarsa ba wata ta kirki bace. Kar ka jona shi ka kwanta wai don an kawo wuta da dare, in ka ji yayi zafi ko ya kumbura cire shi nan take. In ya ƙare kuma kar a watsa shi bolar da ake cinnawa wuta, fashewa yake, yara kuma a nan suke wasa.