Jaraba, bangaskiya da tsayin daka: amsoshin tambayoyinku

Wata malamar makarantar Lahadi ta rubuto daga Kafanchan: "Malam, yarana sun ƙure ni. A Addu'ar Ubangiji muna roƙon kada a kai mu ga jaraba, sai wata yarinya ta ce ashe har da jarrabawar makaranta muke roƙon a raba mu da ita. Kalma ɗaya ce?"

Malama, ki gaishe mini da yarinyar nan, kunnenta yana aiki. Uwarsu ɗaya uba ɗaya, amma ba gida ɗaya suke kwana ba. Duka daga Larabci muka aro su, daga kalmar "jarraba", wato gwada abu a ga ingancinsa. Da ta shigo bakin Bahaushe sai ta rabu biyu. Mai "r" biyu ta riƙe ma'anarta ta asali: malami ya jarraba ɗalibai, manomi ya jarraba sabon iri. Mai "r" ɗaya kuwa ta koma cikin zuciya, ta zama sha'awar da ta fi ƙarfin mai ita. Mutumin da zai fita da tsakar dare cikin sanyin hunturu, ya ƙwanƙwasa wa mai tireda don karan sigari ɗaya, shi ake cewa jaraba ta kama shi. Daga nan aka sami "jarababbe", wanda ba yabo ba ne ko kaɗan. Akan kuma ce "yaron nan ya zame mini jaraba", wato masifa.

Abin da ya sa tambayar ta yi mini daɗi shi ne, Helenancin da aka rubuta Sabon Alkawari da shi yana da kalma guda, "peirasmos", wadda ta ɗauki ma'anonin nan biyu. Hausa kuwa ta raba su, don muna da gwaji, muna da jaraba. A Farawa sura 22, abin da Allah ya yi wa Ibrahim gwaji ne. A Matiyu sura 4, abin da Iblis ya yi wa Yesu a jeji bayan azumin kwana 40, da ya ce ya mai da duwatsu gurasa, jaraba ce. Mai gwaji so yake ka ci, mai jarabta so yake ka faɗi. Shi ya sa Yakubu, a sura 1 ta wasiƙarsa a Sabon Alkawari, ya fara da cewa a yi murna da gwaje-gwaje, ya zo aya ta 13 ya ce Allah ba ya jarabtar kowa, kuma babu tufka da warwara. Ki gaya wa yarinyar jarrabawarta tana nan tana jiranta, ta je ta yi karatu.

Wani ɗan ƙungiyar mawaƙan coci daga Kaltungo yana tambaya: "Me ya sa mu muke cewa bangaskiya, maƙwabtanmu Musulmi suna cewa imani?"

Ɗana, imani ararriya ce daga Larabci, bangaskiya kuwa ƙirar gida ce. Raba ta ka gani: "ban" da "gaskiya". Wannan "ban" ita ce ta ban kwana, ban ruwa, ban hannu, ban tausayi, duk daga "ba" ta bayarwa. Mai bangaskiya shi ne wanda ya ba da gaskiya. Kalmar ta zauna a bakin Kirista masu jin Hausa ta hanyar Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta fara fitowa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya taka muhimmiyar rawa a cikinsa. A rubuce ana haɗe ta, a magana kuwa ana iya warware ta, a ce "na ba da gaskiya".

Sai wata uwa daga zumuntar mata a Jos, da tambayar da ta fi ɗaukar mini lokaci: "Ana yi mana wa'azi mu tsaya daram, sai kuma a ce mu guji jaraba. To, tsayawa za mu yi ko gudu?"

Mama, mu fara da tsayuwar, don Bahaushe ba tsayuwa ɗaya gare shi ba. Kalmomin da ke bin ta, waɗanda masana nahawu ke kira amsa-kama, su ne ke bambanta su. "Cak" ta mai tafiya ce da ya katse tafiya nan take. "Ƙyam" ta soja ce a fareti, a miƙe kamar sanda. "Daram" ta abin da aka girgiza ne bai motsa ba, kamar tsohuwar kuka bayan guguwa. Ba a cewa abu yana nan daram sai an yi zaton zai faɗi.

Amma wadda na fi so ita ce "tsayin daka", kuma ke kin fi ni saninta. Dubi mace a gaban turmi: ta ɗaure zane tamau, ta ware ƙafafu, ta kafe su, taɓarya na sama na ƙasa, gumi na zuba, ƙafar ba ta gusa ba sai gero ya daku. Ƙafa a kafe, hannu na aiki. A ganina wannan ce ta fi dacewa da Afisawa sura 6, inda Bulus ya ce a tsaya, amma a tsaya da ɗamara, da garkuwar bangaskiya, da takobi a hannu.

Gudun fa? Karin magana ya riga ya raba gardamar: "Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne." Wahalar da ta zo ta same ki a gida, ciwo ko rashi ko tsangwama, ita ake tsaya wa, nan ne haƙuri yake dafa dutse. Abin da zuciyarki ke kwaɗayi kuwa ba a zama kusa da shi don a gwada ƙarfi, ai "ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu". Yusufu ya daure wa rami da kurkuku, amma da matar Fotifar ta cafke shi, a Farawa sura 39, rigar ya bar mata ya arce. Ba wanda ya taɓa kiransa matsoraci.

Ta ƙarshe, a gurguje. Wani matashi daga Yola ya ce ya ji wani ya kare kansa da "In ɓera da sata, daddawa ma da wari", yana son fassara.

Ma'anarsa laifi ba na ɓangare ɗaya ba ne: wanda ya bar abin jan hankali a sarari shi ma da nasa kason. Sai dai ka lura da wanda ya kamata ya faɗe shi. Maganar mai raba faɗa ce, ko ta mai gidan da ya bar daddawarsa a buɗe. In ɓeran ne da kansa ya yi ta, to, ya bi sahun Adamu a Farawa sura 3, wanda da aka tambaye shi sai ya nuna matar, ita kuma ta nuna maciji.