Alaipayuthey: Me Ya Haɗa Iyayen Karthik Da Shakti Faɗa?

Tambaya: Malam, na kalli fim ɗin Saathiya, sai aka ce mini asalinsa fim ne na yaren Tamil. Shin gaskiya ne? Kuma mene ne ainihin abin da ya hana iyayen amincewa da auren, bambancin asali ne ko na dukiya?

Amsa: Gaskiya ne. Saathiya, wanda Shaad Ali ya ba da umarninsa a 2002, maimaici ne na Alaipayuthey, fim ɗin Tamil na Mani Ratnam da ya fito a 2000, inda Madhavan ya fito a matsayin Karthik, Shalini kuma a matsayin Shakti, sannan A. R. Rahman ya yi kiɗan duka fina-finan biyu. Labarin na asali a birnin Chennai yake, kuma yawancin haɗuwar masoyan a jiragen ƙasa na cikin gari take faruwa.

Game da saɓanin iyayen, babu wata tsohuwar gaba tsakanin gidajen biyu, domin ba su ma san juna ba sai ranar da aka je neman aure. Mahaifin Karthik babban lauya ne mai hannu da shuni, shi kuwa mahaifin Shakti ma'aikacin hukumar jirgin ƙasa ne da ke tarbiyyar 'ya'ya mata biyu da albashinsa, har ɗaya tana karatun likita. A wannan zama lauyan ya yi magana mai ɗauke da raini, mai gidan kuma ya mayar masa da martani ba tare da sassauci ba, aka tashi baram-baram. A ganina nan ne ƙarfin fim ɗin yake, domin bai mayar da talaka abin tausayi ba. Mahaifin Shakti yana ji da kansa kamar yadda attajirin yake ji da kansa, sai dai ɗaya da kuɗinsa yake tinƙaho, ɗayan kuma da mutuncinsa da ilimin 'ya'yansa.

Batun rarrabuwar asali ta gado, wadda ta yi katutu a Indiya, ba a sa shi gaba a nan ba. Mai neman fim ɗin Tamil da ya tunkari wannan matsala gaba-gaɗi sai ya nemi Pariyerum Perumal na Mari Selvaraj, wanda ya fito a 2018.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne girman kan bai tsaya a kan iyaye ba, ya bi yaran har ɗakin aurensu. Sun ɗaura aure a ɓoye, kowa ya koma gidan iyayensa, har ranar da asiri ya tonu a lokacin da ake maganar auren yayar Shakti, aka kore su, suka tare a wani gida da ba a gama gininsa ba. Da mahaifinta ya kwanta rashin lafiya Shakti ta roƙi mijinta su je gaishe shi, sai ya ƙi saboda ƙiyayyar da tsohon ya nuna masa, kuma kafin ya sauko su isa, rai ya yi halinsa. Wato Karthik, wanda ya bar gidan ubansa saboda soyayya, halin uban nasa ya ɗauko ba tare da ya sani ba, kuma daga nan zaman nasu ya koma gardama da shiru.

Inda nake da ja da Mani Ratnam shi ne ƙarshen labarin. Mota ce ta buge Shakti, kuma ganinta kwance a asibiti ne ya karya zuciyar Karthik, tare da darasin da ya ɗauka daga wani babban jami'in gwamnati, wanda Arvind Swamy ya fito a matsayinsa, da ya ɗauki laifin matarsa mai tuƙin ya ɗora wa kansa. Wurin yana taɓa zuciya, amma hatsari ne ya sasanta ma'auratan, ba su suka zauna suka warware abin da ke tsakaninsu ba. A Saathiya ma haka aka bar shi, sai dai Shah Rukh Khan da Tabu ne suka fito a matsayin jami'in da matarsa.