Alhaji, kafin ka biya kuɗin kiren ɗin nan

Wani Alhaji mai shagon walda a Kakuri da ke Kaduna, yana haɗa tankokin mai da bodin tirela, ya turo min tambaya cewa cen bulok, wato abin ɗaga kaya da ake jan sarƙarsa da hannu, ya gajiyar da yaransa, yana so ya sa kiren na sama, irin wanda ke gudu kan dogo biyu a ƙarƙashin rufi. An ba shi farashi biyu, sabo mai tan 5 daga Chaina da gwanjo mai tan 10 daga waje kuma kuɗinsu kusan ɗaya, wai wanne zai ɗauka?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Gaskiya ni kafin ma mu zo kan wanne, ginin naka nake so a fara dubawa, don kuɗin da aka faɗa maka na kiren ne kaɗai, dogon da zai hau da ginshiƙan da za su riƙe dogon da kankaren ƙasa duk kai za ka yi, kuma shagunanmu da yawa an gina su ne don su ɗauki kwano kawai, ba wanda ya yi lissafin tan biyar na yawo a sama yana taka birki yana jijjiga bango. Ka nemo injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, ya auna faɗin wurin, da tsawo daga ƙasa zuwa inda ƙugiya za ta tsaya. Mutanenmu na Panteka sun iya aiki wallahi, za su haɗa maka ƙarfen, amma bisa zanen injiniya, kar a yi da ka.

Batun tan kuma, ka auna abu mafi nauyi da kake ɗagawa a kai a kai ka ƙara ɗan sarari a kai. In tankinka bai wuce tan 3 ko 4 ba, mai gada ɗaya (ƙarfen da ya ratsa tsakanin dogo biyun) na tan 5 ya ishe ka, ya fi sauƙin nauyi kuma ginin da zai ci bai kai na mai gada biyu ba. Kayan da sai jefi-jefi suke zuwa, ka yi hayar motar kiren ranar. Ka kuma gaya wa mai sayarwa awa nawa zai riƙa aiki a yini, don akwai ajin aiki, wanda aka yi don ɗagawa kaɗan in ka sa shi safe da yamma motarsa ta lantarki ƙonewa za ta yi.

Gwanjon nan ina tsoronsa. An yanka shi ne daidai faɗin wata masana'anta, da wuya ya zo daidai da naka, kuma in daga Amurka ya fito wutarsu 60Hz ce, tamu 50Hz ce, layi uku wajen 415V. Sannan birki, igiyar ƙarfe, kontakta (makunnin wutar motar), in sun lalace a ina za ka samu? Ka tambaya tun yanzu.

Wuta ma ka san halinta, to a duba ko janaretanka zai iya tada motar, don lokacin tashi take jan wuta sosai, in da hali ka ce a sa maka mai inbata, wato na'urar daidaita gudun motar, tana tashi a hankali kuma kaya ba sa lilo.

A lissafi ka haɗa Form M (takardar shigo da kaya), SONCAP (shaidar ingancin kaya ta hukumar SON), kwastan, dako daga Legas ko ta tashar tsandauri da ke nan Kakuri, da kuɗin masu ɗaurawa. Kar ka kwashe jarin sayen falankin ƙarfe ka zuba a nan, ka leƙa Bank of Industry ka ji sharuɗansu na sayen injina. Kuma ka riƙe wani kaso na kuɗin, sai an gwada shi da nauyi a gabanka an ba ka takardar gwaji sannan ka cika.

In injiniya ya ce ginin ba zai ɗauka ba, ka sayi mai ƙafafu wanda ke tafiya kan dogo a ƙasa, shi ba ruwansa da bangonka.