Amsa: tsakanin karo yana tsagewa

Malam, ka ce ka ɗora sabon karo (tayil na daɓen ɗaki) bisa tsoho kuma simintin tsakani sai tsagewa yake. Kar ka yi saurin cikewa. Ɗauki makulli ka ƙwanƙwasa karon ɗaya ɗaya, wanda ya yi ƙara kamar ganga to bai kama ba, motsi yake, ko sau nawa ka cike zai sake fashewa. Irin wannan sai a ɗaga shi: tsohon karo na ƙasa santsi gare shi, dole a kankare fuskarshi a sa siminti kol (simintin manna karo), ba simintin gini ba. Wanda ya zauna daram kuwa, ƙwaƙule simintin tsakani da ya tsage, share ƙura, cike da sabo, kwana ɗaya kar a taka. A bar ɗan fili jikin bango don Allah, zafin Maraɗi na buɗa karo.