Filin Lafiyar Yara: Tambayoyinku Kan Rashin Lafiya da Shan Magani a Makaranta

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk a ƙofar ɗakin jinya na makaranta suka taru. Ma'aikatan jinya da likitocin yara da ke kula da wannan fili sun zaɓi biyar daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 7 ya tashi da zafin jiki. Na ba shi farasitamol da ƙarfe 7 na safe, jikin ya yi sanyi, ya karya, na kai shi makaranta. Wajen ƙarfe 11 nas ta kira ni in zo in ɗauke shi, ta kuma ce kada ya dawo washegari. Ba a tsananta ba kuwa? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba shi lafiya. Nas ɗin ba ta tsananta ba, lokutan da kika ambata ma su ne shaida. Farasitamol ba ya kashe cuta, zafi kawai yake saukarwa na tsawon awa 4 zuwa 6. Kin ba shi ƙarfe 7, ƙarfinsa ya fara sakin jiki ƙarfe 11, zazzaɓin da yake kwance ya sake tasowa. A waɗannan awoyin kuwa yaron yana kan benci ɗaya da 'yan ajinsu, yana tari, suna musayar fensir.

Ƙa'idar da yawancin makarantu ke bi ita ce: idan ma'auni ya nuna digiri 38 ko sama da haka, yaro ya koma gida, kuma ba zai dawo ba sai ya yi awa 24 cur babu zazzaɓi ba tare da maganin sauke zafi ba. Wurin ƙirga awoyin ne iyaye suke yawan kuskure. Ba daga lokacin da aka ɗauko shi daga makaranta ake fara lissafi ba. Idan kin ba shi magani na ƙarshe ranar Talata da daddare, ya wuni Laraba garau ba magani, to Alhamis zai koma. Idan zafin ya dawo Laraba da yamma, lissafi ya koma farko. A yankunan da ake fama da zazzaɓin cizon sauro, kada a tsaya jiran awoyin nan kawai, a kai shi a gwada jini a ranar.

Amai da gudawa su ma haka ne. Wasu makarantu awa 24 suke sakawa, hukumomin lafiya na Ingila kuwa awa 48 suka ce, daga amai ko gudawar ƙarshe, saboda ƙwayoyin cutar suna ci gaba da fita bayan yaro ya ji sauƙi. Ki duba abin da takardar makarantarku ta ce.

Roƙonmu ɗaya: duk ranar da kika ba yaro magani kafin ya fita, ki rubuta sunan maganin da lokacin a 'yar takarda ki ba malaminsa. In ba haka ba, zai iya yin kukan ciwon kai ƙarfe 9, a ƙara masa wani a kan wanda bai gama aiki ba.

Tambaya: Ni shugaban wata ƙaramar makarantar firamare ne. Kullum muna jayayya da iyaye kan kwana nawa yaro zai zauna a gida idan cutar mai yaɗuwa ce. Ku taimaka mana da ma'auni.

Amsa: Malam, ga abin da aka fi bi. Ƙyanda, kwana 4 daga ranar da ƙurajen suka feso. Hangum, kwana 5 daga fara kumburin. Ƙarambau, sai dukkan ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo, galibi wajen kwana 5 daga fitowarsu, amma ɓawon ake dubawa, ba kalanda ba. Ƙazuwa, bayan an shafa magani karo na farko, kuma a yi wa mutanen gidan gaba ɗaya lokaci guda. Makero ba ya hana zuwa aji da zarar an fara magani. Ƙwarƙwata ma ba dalilin korar yaro ba ce: a kira uwarsa a keɓe a gaya mata, kada a tozarta shi gaban 'yan aji.

Ƙyanda ta fi ƙarfin shawarar makaranta ita kaɗai. Ko yaro ɗaya aka yi zargin yana da ita, a sanar da hukumar lafiya mafi kusa. Idan kuma ƙyanda ko ƙarambau ta ɓulla, a gaggauta gaya wa malamai masu juna biyu da iyayen yaran da garkuwar jikinsu ke da rauni.

Tambaya: Likita ya rubuta wa 'yata maganin ciwon kunne sau uku a rana. Na ɓallo ƙwaya ɗaya na naɗe a takarda na ba ta ta kai wa nas ta ba ta da rana. Nas ta ƙi, ta dawo min da ita. Na ji haushi ƙwarai. Maganin likita ne fa. Daga wani uba.

Amsa: Malam, haushinka a fili yake, amma ka sa kanka a matsayin nas ɗin. An miƙo mata farar ƙwaya a ƙudundune cikin takarda, babu suna, babu ƙarfi, babu ranar da za ta daina aiki. Ɗaruruwan magunguna haka kamanninsu yake. Ba ta da hanyar sanin ko ita ce wadda likita ya rubuta, ko kuwa ta hawan jinin wani babba ce aka ɗauko cikin gaggawar safiya. Da ta bayar, da mun ce ba ta san aikinta ba.

Abin da ɗakin jinya mai tsari yake nema kafin ya karɓi magani shi ne: babba ya kawo shi hannu da hannu, ba a jefa a jakar yaro ba. Ya zo cikin kwalinsa ko kwalbarsa ta asali, da rubutun mai ba da magani a jiki, mai ɗauke da sunan yaro, sunan maganin, ƙarfinsa, adadin da za a sha, lokaci, da ranar lalacewa. Sannan uba ko uwa su cika fom su sa hannu. Fom ɗaya na magani ɗaya ne. Idan likita ya canza adadin, sabuwar takarda za a kawo, saƙon baki ta bakin yaro ba ya canza abin da ke rubuce.

A nata ɓangaren, kafin nas ta miƙa magani tana tabbatar da abu biyar: yaron ne, maganin ne, adadin ne, lokacin ne, kuma ta hanyar da aka ce ne, domin ɗigon kunne da na ido kwalabensu suna kama. Ba ta tambayar yaro "Kai ne wane?", saboda ƙaramin yaro zai gyaɗa kai ga kowane suna. Cewa take "Faɗa min sunanka." Tana tsayawa sai ta ga ya haɗiye, sannan nan take ta rubuta a rajista: rana, lokaci, adadi, sa hannu. Wanda ya ce sai an tashi zai cika rajista, shi ne wanda wata rana abokin aikinsa zai duba ya ga fili, ya sake ba yaron. Idan yaro ya ƙi sha ko ya amayar, ba a dura masa, ba a kuma maimaitawa bisa ra'ayi. A rubuta, a kira iyaye.

Ga kuma sauƙi gare ka. Magani mai sau uku a rana sau da yawa ba ya bukatar shiga makaranta ko kaɗan: ɗaya kafin fita, ɗaya bayan an taso, ɗaya lokacin kwanciya. Ka tambayi likitan ko mai ba da magani ko wannan ya dace da nata. Mai sau huɗu ne yake tilasta a sha da rana. Idan na ruwa ne da ake ajiyewa a firji, ka tabbatar makarantar tana da inda zai zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8, a akwati mai murfi dabam da abinci, ka kuma haɗa da sirinjin awo. Cokalin kicin ba ma'auni ba ne, wani ya ninka wani a ciki.

Tambaya: Ɗana yana da asma. Makarantarsu ta ce dokarsu ita ce a kulle kowane magani a kabad ɗin ofishin shugaba, har da abin shaƙarsa. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa.

Amsa: Malama, da gaskiyarki, kuma kada ki yi shiru. Dokar kullewa an yi ta ne don maganin yau da kullum, saboda kada wani yaro ya ɗauka ya sha. Maganin gaggawa hukuncinsa akasin haka ne. Abin shaƙa na asma, allurar adirenalin ta masu mummunar alaji (wato waɗanda jikinsu ke rikicewa nan take idan sun ci ko sun taɓa abin da ba ya karɓa), da sukarin da ake ba mai ciwon sukari idan sukarin jininsa ya faɗi, ba a sa musu kwaɗo. Yaron da ƙirjinsa ya toshe a filin wasa ba zai iya jiran a nemo wanda ya fita taro da makulli a aljihu ba.

Idan yaron ya yi wayo, ya iya amfani da shi daidai, likita da iyaye su rubuta izini ya riƙe a jikinsa. Idan ƙarami ne, a ajiye a ajinsu cikin jaka mai sunansa, inda hannun yara ba ya kaiwa amma kowane malami ya sani, kuma jakar ta bi shi filin wasa da duk wata fita. Ki haɗa da sifesa, wato bututun roba da ake jona wa abin shaƙar, domin ba tare da ita ba yawancin maganin a baki da maƙogwaro yake tsayawa.

Ki nemi likita ya rubuta takardar matakai shafi ɗaya a manna a jakar. Abin da aka saba koyarwa shi ne: a zaunar da yaro a miƙe, kada a kwantar da shi. A girgiza abin shaƙar mai saurin aiki, wato salbutamol, wanda galibi shuɗi ne. A fesa sau ɗaya cikin sifesa ya ja numfashi kamar sau biyar, a sake bayan daƙiƙa 30 zuwa 60, har zuwa fesa 10 idan da bukata. Idan bai samu sauƙi ba, ko ya kasa ƙarasa jimla, ko leɓɓansa sun canza launi, ko ya yi laushi, a nemi motar asibiti nan take, sannan a kira ki. Wannan jerin yana da muhimmanci: asibiti tukuna, iyaye daga baya. Ke kuma a farkon kowane zango ki duba ranar lalacewa, ki kuma lissafa fesawar da ta rage, domin gwangwanin yakan ci gaba da fitar da iska bayan maganin ya ƙare.

Tambaya: Ni malama ce, makarantarmu ba ta da nas. Yara suna zuwa da ciwon kai ko ciwon mara, nakan ba su abin da ke jakata. Kwanan nan kuma wata yarinya ta faɗi tana jijjiga, muka rasa abin yi. Me ya kamata?

Amsa: Malama, niyyarki mai kyau ce, amma ki daina bayarwa daga jakarki. Ba ki san abin da yaron ya sha a gida ba, ba ki san abin da jikinsa ba ya karɓa ba. Asfirin ba a ba wa wanda bai kai shekara 16 ba sai da umarnin likita, saboda wata cuta da ba ta cika faruwa ba amma tana taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Ibuprofen yana iya tayar wa wasu masu asma da ciwonsu, kuma ana guje masa lokacin ƙarambau. Shi kansa farasitamol da nauyin jiki ake auna shi, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, tsakani aƙalla awa 4, kada ya wuce sau 4 a awa 24. Na ruwan ma ƙarfinsa ba ɗaya ba ne. Mililita 10 na mai miligiram 120 a kowane mililita 5 ya kama miligiram 240, amma mililita 10 na mai miligiram 250 a kowane mililita 5 ya kama miligiram 500, fiye da ninki biyu, ga kwalaben kusan iri ɗaya. Magungunan mura da yawa kuma da farasitamol a cikinsu, sai a haɗa biyu ba a sani ba, hanta ta ɗauki nauyin.

Makarantar da ba ta da nas ta ware mutum biyu a horar da su, saboda ranar da ɗaya bai zo ba. A samu rubutaccen izinin iyaye tun farkon shekara, da fom mai ɗauke da cututtukan yaro, abin da jikinsa ba ya so, da lambobin waya aƙalla biyu da ake sabuntawa kowane zango. Mai sikila a san shi tun wuri: a bar shi ya sha ruwa ya fita bayan gida yadda yake so, kada a ɗora masa ƙanƙara a inda yake ciwo, kuma zazzaɓin digiri 38 a wurinsa na asibiti ne a take.

Game da jijjiga, abu na farko ki dubi agogo. Ki janye benci da duk abin da zai buge ta, ki sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kanta, ki sa a fitar da sauran yara. Kada a danne ta, kada a cusa cokali ko yatsa a bakinta, kada a ba ta ruwa. Mutum ba ya haɗiye harshensa, kuma ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko taɓawa, don haka babu dalilin gudunta. Idan jijjigar ta lafa, ki juya ta gefe ɗaya, ki zauna da ita har ta dawo hayyacinta, ki rufe ta da mayafi idan fitsari ya kuɓuce mata. A nemi motar asibiti idan jijjigar ta wuce minti 5, ko wata ta biyo baya ba ta farfaɗo ba, ko ta ji rauni, ko numfashinta bai daidaita ba, ko kuma wannan ne karonta na farko. Ki rubuta lokacin da ta fara, lokacin da ta tsaya, da ɓangaren jikin da ya soma motsi, ki ba iyayen su kai wa likita.